Camry 1994 mai hawa da sauka a silo: yadda gyare-gyare suka binne asalin cutar

Motar Toyota Camry ce ƙirar 1994, mai inji 5S-FE na lita 2.2 da giya otomatik, irin wadda 'yan kudu ke kira Orobo. 'Yar Amurka ce da ta shigo ta Kwatano tun shekarun baya, kuma ta daɗe a hannun mai ita, wani dattijo malamin makaranta da ya yi ritaya, mazaunin cikin birnin Katsina, wanda ba ya rabuwa da hanyar Daura saboda dangi. Cikin hunturu aka kawo ta rumfar da nake aikin wayar mota, a wajen Ƙofar Ƙaura.

Ƙorafinsa kashi uku ne. Idan mota ta yi zafi aka bar ta a P, allurar juyin inji ba ta zama wuri ɗaya: ta hau ta kusa 2,000, ta faɗo wajen 1,200, ta sake hawa, alhali ƙafar kowa ba ta kan totur. Idan aka sa D aka taka birki, a danja ko a cunkoson shataletale, sai jijjiga ta kama har sitiyari, in an kunna AC kuwa ta nemi mutuwa. Na ukun ya fi damun sa. A cikin gari, idan ya ɗora ƙafa kaɗan yana tafiya a hankali, sai motar ta riƙa fizga, ta ja ta saki, ta ja ta saki. A babbar hanya fizgar kan ɓace, sai dai babu ƙarfin da ya saba ji. Ga shan mai a kan duka. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, mai cin fansho ba ya wasa da lita ɗaya, kuma na ga hakan a fuskarsa kafin ya faɗa.

Kafin a buɗe bonet na nemi ya ba ni tarihin abin tun daga farko, a jere, kowane gyara da abin da ya biyo bayansa. Da yake malami ne, bai tsallake komai ba. Farkon abin, in ji shi, baƙin hayaƙi ne a salansa da warin fetur, da mutuwa jefi-jefi idan ya tsaya. Aka canza fulogai, ta yi sauƙi na ɗan lokaci, ta koma. Aka wanke nozul. Aka sa famfon mai ɗan Beljiyam. Da mutuwar ta ƙi bari, wani bakanike ya ce bari ya ƙara mata silo, ya sa ƙaramar sifana a bakin injekta ya murɗa wani abu. Mota ta daina mutuwa, amma ta koma ihu a tsaye. Daga nan wani ya zo da fitilar taimin, mai auna lokacin da fulogi ke ba da wuta, har ya sa 'yar waya a ƙaramin akwatin da ke cikin bonet, ya juya distirbuta. Ihun ya ragu, ƙarfi ya tafi. Na ƙarshe ya ce TPS ce, wato sensar totur, ya sassauta sukurori biyu, ya juya ta yana sauraro har kunnensa ya gamsu, ya ɗaure. A ranar hawa da sauka da fizga suka fara.

Ba na ganin akwai macuci a cikinsu. Kowannensu ya amsa ƙorafin da aka kai masa a ranar, kuma na fitilar taimin ma ya bi ƙa'idar da littafi ya shimfiɗa. Matsalar ita ce kowane gyara ya hau kan wanda ya gabace shi, babu wanda ya koma ya tambayi abin da ya sa mota mai lafiya ta fara baƙin hayaƙi tun asali. An bar jaki ana ta dukan taiki, kuma kowane duka da kuɗin Malam aka yi shi.

Abin da TPS ke faɗa wa birenbos

TPS ita ce baƙar sensar da ke manne a gefen bakin injekta, a kan sandar da farantin totur ke juyawa a kai. Ta wannan injin tana da ƙafa huɗu, Toyota ta sa musu suna VC, VTA, IDL da E2. Birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, na aika volt 5 ta VC, E2 ita ce komawar wuta, VTA kuma ita ke mayar da labarin iya buɗewar faranti: tsakanin volt 0.3 da 0.8 idan yana rufe, ta yi ta hawa har tsakanin 3.2 da 4.9 idan an take totur ƙasa. Wannan ɓangaren kowa ya san shi. Wanda ake mantawa shi ne IDL, ɗan makunni da ke cikin sensar, wanda aikinsa amsa tambaya ɗaya ce tak: direba ya ɗage ƙafa ko bai ɗage ba?

Amsar nan abubuwa da dama ke rataye da ita. Sai IDL ta haɗe da E2 birenbos ke karɓar ragamar silo, ya riƙa buɗe bawul ɗin silo, mai shigar da iska idan faranti a rufe yake, yana rufewa don ya tsayar da inji a juyi 750 a minti, da sassaucin 50 sama ko ƙasa, ya ƙara iska idan an kunna AC ko an sa giya. Sai IDL ta haɗe yake yanke fetur gaba ɗaya idan aka saki totur inji na juyawa da sauri, ya dawo da shi idan allura ta sauko wajen 1,500. Kuma sai IDL ta haɗe yake yarda ya tsayar da taimin wuri ɗaya idan an sa waya tsakanin TE1 da E1, ramuka biyu a ƙaramin akwatin nan na cikin bonet, domin a auna. Tazarar da ke tsakanin haɗewa da rabuwa kuwa, a ma'aunin Toyota na wannan injin, daga milimita 0.50 ce zuwa 0.70 a bakin sukurin da ke tare faranti. Bambancin bai wuce kaurin takardar rubutu biyu ba. Kunne ba ya jin wannan, komai daɗewar mutum a sana'a.

Da wannan a kai, tarihin da Malam ya bayar ya karanta kansa. Wanda ya ƙara silo ya tura sukurin tare faranti ciki, faranti ya buɗe, IDL ta rabu. Daga wannan lokacin birenbos ya ɗauka kullum ƙafa na kan totur: ya saki ragamar silo, ya daina yanke mai a gangara, ya tura taimin gaba. Mai fitila ya sa wayarsa, amma da yake IDL a rabe take, birenbos bai tsayar da taimin ba. Ya ga alama ta zarce digiri 10 da nisa, ya juya distirbuta baya har ta dawo 10, bai san ya danne asalin taimin ba. Na ƙarshe ya juya TPS har IDL ta sake haɗewa, ya ma zarce. Yanzu birenbos na ganin ƙafa a ɗage amma inji na gudu, sai ya yanke mai, allura ta faɗo, ya dawo da mai, iskar da ke wucewa ta buɗaɗɗen faranti ta sake ɗaga ta. Hawa da saukar ke nan. Fizgar cikin gari ma ita ce: Malam ya taka kaɗan, IDL ba ta rabu ba tukuna, ana yanke masa mai yana cikin tafiya.

Wannan duk hasashe ne daga labari, sai an tabbatar da shi a jikin mota.

Binciken

Na murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, fitilar cek injin ba ta kama ba. Muka ciro allon mita, sai ga gurbin ƙwan wayam, an zare shi tun wani zamani. Wannan ɗabi'a tana ci mini rai. Kwamfutar da ake yawo da ita yanzu, mai soket mai ƙafa 16, tsarin OBD-II ce da ya zama dole a Amurka daga 1996, ba ta da inda za ta shiga a wannan motar. Hanyar da birenbos ɗinta ke magana ita ce wannan ƙwan, kuma shi ake cirewa don kada ya tayar wa mai saye hankali. Muka sa wani.

Na buɗe akwatin da aka rubuta DIAGNOSIS a murfinsa, na haɗa TE1 da E1 da guntun waya. Fitila ta shiga ƙiftawa a jere ba tsayawa, wato babu lambar laifi a ajiye. Ban yi mamaki ba, an sha cire batir a wajen gyare-gyaren, kuma birenbos na wancan zamani ba ya kama komai sai waya ta tsinke ko ta haɗe. Amma akwai dabara a nan da ba ta buƙatar mita. Muddin wayar na ciki, da zarar IDL ta rabu fitila kan juya ta ba da lamba 51, ƙifta biyar, ɗan tsayawa, ƙifta ɗaya. A mota mai daidai, ana taɓa totur take juyawa. Na sa yarona ya zauna ya riƙa takawa sannu a hankali, ni ina kallon hannun faranti. Hannun ya rabu da sukuri, tazara ta buɗe har ana hango haske ta ciki sosai, shi kuwa yana cewa, "Oga, har yanzu ba ta canza ba." Sai da ya yi nisa sannan 51 ta fito. Fentin rawaya da kamfani ke ɗiga wa sukurin tare faranti kuma a fashe yake, zaren sukurin da ya fito sabo fil yana ƙyalli a cikin datti.

Malam na tsaye a kaina. Ya ce, "To ɗana, tunda ka gano ta, sai ka mayar da ita inda take mu tafi."

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, in na mayar da ita yanzu, mutuwar nan ta farko za ta dawo, ka koma inda ka fito. A yi haƙuri mu nemo abin da ya fara kawo hayaƙin."

Fulogai huɗun duka baƙi ne, busasshen baƙi mai kama da gari, babu wanda ya fi wani. Da silinda ɗaya ce ke misin, da guda ne zai bambanta. Baƙi iri ɗaya a huɗu yana nufin mai ya yi yawa ga kowa, kuma daga sama ake ba da umarninsa. Ramukan fulogai a bushe suke, baƙin mai bai zubo daga gasket ɗin murfi ba, abin da ya zama ruwan dare a waɗannan injina. Matsin silinda duk ya haura kilo 10 da Toyota ta sa a matsayin mafi ƙaranci, kuma bambancin tsakaninsu bai kai kilo 1 ba. Injin kansa lafiya lau. Bawul ɗin EGR, mai mayar da ɗan hayaƙin salansa cikin inji, wanda idan ya maƙale a buɗe yakan kawo irin wannan jijjiga, yana rufewa da kyau. Sensar zafin ruwa ta ba da abin da ya dace, tsakanin ohm 2,000 da 3,000 a sanyi, ta sauko ƙasa da 400 idan an dumama ta sosai.

Saura abin da ke auna iska. Wannan injin ba shi da mitar iska a bayan eya kilina. Abin da yake da shi sensar MAP ce, 'yar ƙaramar baƙa a jikin bangon da ke raba inji da cikin mota, da siririn tiyo da ya taso daga manifol, bututun da ke raba wa silindoji iska, zuwa gare ta. Zuƙar da ke cikin manifol take ji. A silo faranti a rufe yake, zuƙa na da ƙarfi, sai ta ce wa birenbos iska kaɗan ce, a ba da mai kaɗan. Da makulli a buɗe inji a kashe ta nuna abin da ake so, tsakanin volt 3.3 da 3.9. Da aka tayar, maimakon ta faɗo ƙasa da 2 ta zauna, sai ta tsaya sama da haka tana rawa. A ido tiyon lafiya yake. Da na zare shi na lanƙwasa a yatsa, sai ga baki ya buɗe ta ƙasa, daidai inda yake hawa kan bututun manifol, robar ta bushe ta yi tauri, tsagar ta kai rabin zagayensa, gefenta ya yi fari da ƙura. Na miƙa wa Malam, ya lanƙwasa da kansa, ya daɗe yana kallo. Iskar waje ke shiga ta nan, sensa na jin zuƙa ta ragu, tana ba da labarin inji na ɗauke da kaya, birenbos na zuba mai daidai da labarin. Lamba 31 ta wannan sensa ba za ta fito ba, domin wayoyinta ƙalau suke. Tiyon da bai kai tsawon hannu ba, wanda zafin Katsina da shekaru suka cinye, shi ya jawo fulogai da nozul da famfo da duk abin da ya biyo baya.

Akwai abin lura ga masu neman ɗigon iska da feshin wankin kafireto: distirbuta da wayoyin fulogi na kusa, tsohuwar waya kuma na tartsatsi. Na fi son in bi tiyo ɗaya bayan ɗaya da hannu, in matse, in lanƙwasa, in saurara.

Warware ƙullin

Tsarin aikin shi ne komai a nan, domin kowane saiti a kan wani yake zaune. Taimin na jiran IDL, IDL na jiran sukurin tare faranti, sukurin kuma na jiran tsabtar bakin injekta.

Bayan sabon tiyo, muka sauke bakin injekta gaba ɗaya. Cikinsa ya yi kauri da baƙin danƙo, ƙurar hunturu da ta tsallake tsohon eya kilina ta haɗu da tururin baƙin mai ta daskare a gefen faranti. Bawul ɗin silo da ke ƙasansa ya cije, sai da ƙarfin yatsa yake motsi, shi ya sa AC ke neman kashe motar. Naɗin wayarsa ya nuna wajen ohm 20 a kowane gefe, wato wutarsa lafiya, datti ne kawai. Muka cire TPS muka ajiye gefe kafin wanki, don ruwan wanki idan ya shige ta yana cinye hanyar da ke ciki. Aka wanke har bawul ya koma juyawa da taɓawa kaɗan, aka sa sabon gasket maimakon gam.

Sukurin tare faranti ba na saita silo ba ne. Aikinsa kawai ya hana faranti cizon bango idan ya rufe, shi ya sa kamfani ke saita shi sau ɗaya ya ɗiga fenti. Idan an riga an taɓa shi, abin da muke yi a sana'a shi ne a ja shi baya har ya rabu da hannu, faranti ya rufe ruf, a dawo da shi har ya taɓa, a ƙara kamar rubu'in juyi, a ɗaure notinsa. Sai a buɗe a saki a ji ko faranti na maƙalewa. Shaidar cewa ya zauna daidai tana zuwa bayan an tayar: ƙananan bututun da ke saman bakin injekta, masu kai zuƙa ga EGR, bai kamata su ja yatsa a silo ba. Mun kuma sassauta wayar totur, wadda aka ja ta yi tsam babu ko ɗan wasa.

Sannan TPS. Kafin saiti sai an tabbatar ta cancanci saiti. Tsakanin VC da E2 ana son ohm 2,500 zuwa 5,900, ta faɗa ciki. Tsakanin VTA da E2 na sa tsohuwar mita mai allura, domin mai lambobi tana tsallake ƙaramin yankewa, ido bai gani ba. Na buɗe faranti sannu daga rufe har ƙarshe. Allura ta tafi sumul, sai a wuri ɗaya kusa da farko ta ɗan yi rawa ta wuce, daidai inda ƙafar direba ta fi zama shekara da shekaru. Ba ta yanke ba. Na nuna wa Malam, na ce za ta yi aiki, amma ta fara tsufa.

Akwai ɗan tulu mai sanda a gefen bakin injekta da ke tura faranti ya ɗan buɗe idan inji a kashe yake. Wanda ya manta da shi zai yi saitinsa a kan buɗaɗɗen faranti, aikin ya tashi a banza. Sai an zuƙe tiyonsa an matse, sandar ta janye, hannu ya zauna kan sukuri. Daga nan na sassauta sukurorin TPS biyu yadda za ta juya da ɗan ƙarfi, na zura fila geji, siririn ƙarfen auna tazara, mai kaurin milimita 0.60 tsakanin sukuri da hannu, mita a kan IDL da E2. Na juya sensar kaɗan-kaɗan, da bugun ɗan yatsa, har daidai gaɓar da allura ke motsawa, na tsaya. Wajen ɗaurewa ake yawan ɓata aikin, domin sukuri na jan sensar yayin da yake kamawa. A ɗaure na sama kaɗan, na ƙasa kaɗan, ido na kan mita. Sai gwaji: da 0.50 dole a samu haɗi, ƙasa da ohm 2,300, da 0.70 dole allura ta koma babu komai. Duka biyun suka yi. Da aka mayar da soket, VTA ta zauna kaɗan sama da rabin volt, lamba 51 kuma ta koma fitowa da taɓa totur.

Waɗannan lambobi na 5S-FE ne, kada a ɗauke su a kai wa kowace mota. 4A-FE da ke cikin Corolla da Carina E tsarinsa ɗaya amma kaurin gejinsa daban. Honda Accord ta waɗannan shekaru kuwa ƙafa uku sensarta ke da ita, babu makunnin IDL, da volt ake saita ta, wajen 0.5 a rufe da 4.5 a buɗe, kuma kamfani ya ɗaure ta da sukurori marasa kai da gangan don kada a taɓa.

Taimin da silo ba sa aunuwa sai inji ya kai zafinsa, a nan muka ci karo da wani tsohon aiki: babu tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwan lagireto har inji ya yi zafi, fanka kuma an haɗa ta kai tsaye tana juyawa tun daga murɗa makulli. Malam ya ce tun zuwan motar aka cire, wai na ƙasar sanyi ne. Na ce, "Ranka shi daɗe, wajen digiri 82 yake buɗewa, injin kuma a kan wannan zafin aka gina shi, a Amurka yake ko a Mashi. Ka fito da asuba cikin hunturun nan ka kama hanyar Daura, iska na dukan lagireto, fanka na juyawa, inji ba zai yi zafi ba, birenbos kuma zai yi ta ƙara mai yana jiran zafin da ba ya zuwa." Maganar mai ce ta shawo kansa. Muka duba lagireto ba ta toshe ba, muka sa tamostat, muka mayar da fanka kan makunninta, muka jira ta kama da kanta ta kuma tsaya da kanta.

Da inji ya yi zafi na sa waya a TE1 da E1, aka ji sautinsa ya sauya, alamar wannan karon birenbos ya amsa. Fitilar taimin ta nuna alama a wajen sifili, inda ake son digiri 10 kafin fistin ya kai ƙololuwa. Rashin ƙarfin da Malam ke ji a hanya ke nan. Na sassauta distirbuta na dawo da ita 10, na ɗaure, na sake dubawa. Bayan an zare waya alamar kan riƙa ɗan yawo, wannan ba laifi ba ne, birenbos ne ke amfani da taimin yana daidaita silo. Muka goge fulogai muka duba tazararsu ta milimita 1.1, muka zare fis ɗin EFI, mai ba birenbos wuta, na fiye da daƙiƙa 10 don ya manta tsohon hali, muka sake tayarwa.

Allura ta hau da farko, ta sauko a hankali, ta zauna tsakanin 700 da 800. Aka kunna AC, ta ɗan nutsa ta dawo. Aka sa D da birki, sitiyari shiru. Na ɗora bakin doguwar sukundireba a kan nozul, kunne a kan mariƙinta, yaro ya kai inji 2,500 ya saki: ƙas-ƙas ɗin nozul ya ɗauke, ya dawo wajen 1,500. Yankan mai ya koma inda aka yi shi domin shi. Muka zaga cikin gari da ƙafa kaɗan a kan totur, inda fizgar ta fi fitowa, sannan muka hau hanyar Daura muka ba ta wuta. Babu fizga, giya na shiga a kan lokaci, domin ita ma daga VTA take samun labarin nauyin ƙafa.

Na ɗiga sabon fenti a kan sukurin tare faranti da sukurorin TPS da notin distirbuta, don duk wanda ya buɗe bonet nan gaba ya san an auna su, in kuma an taɓa a gane. Tsohon famfon mai da aka cire masa, wanda yake ajiye a but, mun gwada shi ya kawo matsi tsakanin kilo 2.7 da 3.1 da ake nema, na ce ya adana shi, lafiyarsa ƙalau. Bayan wani lokaci ya biyo ta rumfa ya ce mai ya koma kai shi Daura ya dawo da saura kamar da, bakin salansa kuma ya daina baƙi.

Rawar da allura ta yi a farkon hanyar VTA tana nan, kuma gaba za ta yi. Ranar da ta zama yankewa, motar za ta fara shaƙewa daidai lokacin tashi daga tsaye, wataƙila fitila ta ba da lamba 41, lambar laifin TPS. Na gaya masa idan ranar ta zo kada a aika yaro ya sayo a ido, ko a nan Katsina ko a Ƙofar Ruwa ta Kano. 'Yar Beljiyam ta asali ta fi sabuwa marar suna, amma ita ma ta yi shekarunta a wata motar, don haka a tafi da mita mai allura, a juya ta a gaban mai shago daga farko har ƙarshe, a gwada IDL tana haɗewa tana rabuwa, a tabbatar mai ƙafa huɗu ce, sannan a biya. Idan an ɗaura ta, sai an sake zura geji 0.60 an bi saitin daga farko, a kuma duba taimin a bayansa.